Motar da Na Fasa da Bakina

Ɗan gwaggona ya cuce ni a kan wata tsohuwar mota, kuma ya yi ta yadda babu alƙalin da zai kama shi. Ni na samo motar, ni na yi cinikinta, aka sallama mini. Na ɗauko shi ya duba mini tunda shi ya san ƙarfe. Ya yi ta tsorata ni har na je gaban mai ita na ce na fasa, shi kuma ya zagaya ya saya. Shekaru sun ja yanzu, motar ma ta daɗe da zama akurkin kaji a bayan wani gareji, amma abin bai sake ni ba. Ana ta cewa in manta. Masu faɗar haka ba su aka yi wa ba.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwo gona ta rasa mai riƙe ta. Daga baya na tafi Kano na sami aiki a wata masaƙa, na yi shekaru ina tsaye gaban injin zare. Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Wuta ba ta zuwa, atamfar waje ta cika kasuwa, aka fara rage mu kashi-kashi, rannan muka zo da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ɗan abin da aka ba ni na sallama na sayi babur da shi, na kwaso iyalina muka dawo gida Unguwar Tudu. Da damina in yi noma, in an sarara in fita acaba a Gwarzo.

Acaba sana'ar yara ce. Mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu bai kamata yana layi da sa'o'in 'ya'yansa ana rige-rigen fasinja ba. Ramukan hanya suka cinye mini baya, har ya zama in na sauka da yamma sai na dafa bango kafin in miƙe sosai. Man fetur kuwa kullum ƙari. Sannan shari'ar Musulunci ta zo. Ni ma na je taron murna, na yi kabbara har muryata ta dishe, kuma ba na da-na-sanin wannan. Amma da aka ce an hana ɗaukar mata a babur, mu muka ji a jikinmu. A birni aka fi matsa dokar, mu nan kunyarta ce ta iso mana. Magidanta suka daina aiko a ɗauki matansu. Matar da za ta awon ciki ta gwammace ta yi rabin yini a bakin titi tana jiran mota da a gan ta a bayan namiji. Kuma mata su ne rabin cinikinmu, don namiji in yana da ƙafa zai taka, ko ya ari keke. Na riƙa wuce su a gindin bishiya da goyo da ƙullin kaya, su ba su sami mota ba, ni ban sami fasinja ba. Tun daga nan mota ta shiga raina.

Wata ranar kasuwa wajen ƙarshen damina na ɗauki wani dattijo daga Gwarzo zuwa Kabo. Alhaji ne, tsohon mai sayen hatsi, idonsa ya fara yana. Da na sauke shi a ƙofar gidansa ya ce in shiga zaure in sha ruwa. A gefen gidan, ƙarƙashin darbejiya, na ga wata ƙaramar bas an rufe gilashinta da buhuna. Da alama fara ce a da. Na tambaya, ya ce ɗansa ke tuƙa ta, ya sami aiki a Kudu ya tafi, shi kuwa ido ba zai bar shi ba. Sayarwa zai yi.

Na miƙe zan je in zagaya ta, ya riƙe mini hannun riga.

"Zauna tukuna, kada ka taya," in ji shi. "Sai na gaya maka ciwonta. Ba zan shiga kabari da haƙƙin ɗan acaba a wuyana ba."

Ya shiga lissafawa. Tana shan baƙin mai. Lagireto yana yoyo, dole ana tafe da jarkar ruwa. Giya ta uku tana fita da kanta in an kama tudu, sai mutum ya danne ta da hannu. Birki sai an taka sau biyu yake ji. Ƙofar gefe igiya ce ke riƙe da ita, motar kuma da safe sai an tura take tashi. Ya ce ta taɓa faɗawa rami a hanyar Lakwaya, an miƙe ta, amma har yanzu in ka saki sitiyari hagu take ja. Har sai da ya sa na durƙusa na leƙa ƙarƙashi na ga inda aka yi walda. A lokacin ko'ina ka juya wa'azi ake yi a kan tauye mudu da ɓoye aibin kaya, mutane su saurara su girgiza kai su koma su ci gaba da abin da suka saba. Wannan dattijon shi kaɗai na gani yana kushe kayansa da bakinsa.

Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka. Na ɗan ƙara kuma, ya ja carbinsa, can ya ce ya sallama, don ya lura ban yi gudu da shi a hanya ba. Na gaya masa gaskiya cewa ba ni da kuɗin a hannu, sai na sayar da wasu abubuwa, kuma ina so in yi shawara. Ko kafin alƙalami bai karɓa ba.

"Je ka yi shawararka," ya ce. "Motar nan da cinikinka a kanta. Duk wanda ya zo zan ce masa an riga shi. Ba zan buɗe baki da kowa ba sai na ji daga gare ka, ko ka kawo kuɗi ko ka ce ka fasa."

Kuma ya riƙe maganarsa. Daga baya na ji wasu daga tashar Kabo sun je da tayin da ya fi nawa, ya ce su yi haƙuri. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko akuya ake ciniki a kasuwa, muddin igiyar tana hannun wani, kai na uku sai ka ja bakinka ka tsaya gefe. In an sallama, kaya sun fita daga kasuwa har sai mai saye ya janye da kansa. Malamai suna maimaitawa a wajen karatu cewa haramun ne mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa, kuma a shekarun nan kowa yana tsoron a nuna shi a ce ga wanda ya yi.

Na dawo gida da motar a kaina. Kafin in biya sai na sayar da babur, na haɗa da shanun huɗata guda biyu. In ta mutu mini a hannu, ba babur, ba shanu, na koma noma da fartanya da wannan bayan nawa. In kuwa ta yi rai, ga kaka ta kusa. Gero da dawa da gyaɗa duk sai an kai su kasuwa, ga bukukuwa, ga matan nan na gindin bishiya. Wata safiyar in tashi ina jin na saya an gama, har ina zaɓar wanda zai riƙa tura mini ita. Kafin azahar kuma, in na wuce wata mota ta mace a gefen titi direba yana kwance a ƙarƙashinta, sai in ce a raina na fasa. Matata ba ta ce saya ba, ba ta ce bari ba. Ta ce ita dai ta gaji da gasa mini baya da ruwan zafi kullum, kuma tunda ga ɗan Gwaggo a Gwarzo wanda ya tsufa a kan mota, me zai hana in kai shi ya gani.

Ɗan Gwaggo taubashina ne, uwarsa ƙanwar mahaifina ce. Ya ɗan girme ni, tare muka yi kiwo muna yara. Yana kirana ɗan Kawu, ina kiransa ɗan Gwaggo, kuma ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Kudu, ya dawo ya kafa injin niƙa a bayan kasuwa. Da shari'a ta zo ya ɗage wando ya bar gemu, kowace salla yana sahun gaba. Ban ce ƙarya yake yi ba. Ba na shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa.

Na same shi a wajen injin, gari ya yi masa fari har gira. Sai da ya kashe injin kafin ya ji abin da nake faɗa, da ya ji kuma ya kama dariya.

"Ɗan Kawu zai sayi mota. To mu masu tafiya a ƙasa sai mu nemi inda za mu ɓuya. Kai da jakin Kawu ma sau nawa ya kayar da kai?"

Na ce gara ni jaki ne, ba ni na kwantar da tirela da tumatirin mutane a ciki ba. Ya ce ai tumatirin ne ya yi nauyi gefe ɗaya. Matan da ke jiran niƙa suna ta dariya. Ya karkaɗe jikinsa ya ce gobe in zo mu je.

A babur ɗina muka tafi, da maina. Ya gaida Alhaji gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ido, ya tambayi ɗan da ke Kudu. Mutanen layin suka taya mu turawa ta tashi. Ya buɗe bonet ya kafa kan sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a ƙotar ya daɗe yana saurare. Ya tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. Ya shiga ƙarƙashi da rigarsa mai kyau. Sannan ya ja ta har bayan gari ya dawo, ina zaune a gefensa. Na lura yadda yake lallaba ta, hannunsa a kan giya kamar sun daɗe tare, da muka tsaya kuma ya ɗan bubbuga sitiyari da yatsu. Ya tambayi Alhaji wane bakanike ne ya taɓa injin na ƙarshe, kuma ko takardunta sun cika. Duk na ɗauka don ni yake wannan wahala. A gaban dattijon bai ce komai ba sai Allah ya saka da alheri, duk abin da aka faɗa haka yake.

Sai da muka bar Kabo ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ɗan Kawu, wannan gawa ce ba a binne ba."

Tun daga nan har Gwarzo bai huta ba. Ya ce injin sai an sauke shi ƙasa, in an buɗe kuma Allah kaɗai ya san abin da za a tarar. Ya ce irin wannan motar gida take ci, ta fara da akuya ta ƙare da gona. Ya ba ni labarin wani da ya sani wanda ya sayar da gadonsa ya sayi irinta, yanzu yana tura kurar ruwa a Kano. Na ce ai duk Alhaji ya gaya mini aibinta, da saninsa na taya, kuma a hankali zan riƙa gyarawa tana aiki. Ya ce shi da ya yi shekaru a kan titi bai isa ya ce zai iya da ita ba, balle ni da ban taɓa kwance taya ba. Sannan ya tambaye ni, in birkin nan ya ƙi a gangare ina ɗauke da matan mutane da jarirai, me zan je in gaya wa mazansu. Wannan ita ta fi shiga jikina.

Mutumin da sai a shekara bai taka Unguwar Tudu ba, sai ga shi yana zuwa a kai a kai. Ya zo bayan la'asar mu zauna a ƙofar gida, ya leƙa turke ya yaba shanun, ya shafa tozon babban ya ce yanzu waɗannan zan ba da a kan ƙarfe mai tsatsa. Kowane zuwa da sabon labarin wanda mota ta talauta. Kuma kowane zuwa tambaya ɗaya yake rufewa da ita: na je na gaya wa Alhaji? Na ce ban yanke ba tukuna, ina so in ga an yanke gero in san inda na tsaya. Ya ce wannan zalunci ne. Dattijo yana korar masu saye saboda ni, ga shi ba lafiya gare shi ba, in ta Allah ta kasance na bar magada da rigima. Ya ce ko in saya ko in sake shi, addini bai yarda ka rataye mutum da dukiyarsa ba. Wannan kam gaskiya ce.

Duk da haka na gwada. Na kira dillali ya ga shanun. Ya zagaya su, ya buɗe bakinsu, ya yi mini tayin da ko maimaita shi ba na so, ya ce huɗa ta wuce kowa sayarwa yake, kuma ba kuɗi a hannun mutane. Na yi istihara ban ga komai ba. A satin bayana ya riƙe har na kwana biyu ban fita ba. Ina kwance a tabarma a zaure ɗan Gwaggo ya zo dubiya, ya ce in duba, da wannan bayan zan riƙa tura bas kowace safiya? Ba gamsuwa na yi ba. Gajiya na yi. Na gaji da lissafi, na gaji da jin labarin mutanen da suka tsiyace, na ce masa shi ke nan, na haƙura.

Na ce zan ba wani direban Kabo saƙo ya gaya wa Alhaji. Ya ce a'a. Cinikin da aka ƙulla baki da baki, baki da baki ake warware shi, kuma a gaban mutane, don kada gobe wani ya ce bai ji ba. Ya ce shi zai raka ni, tunda da shi aka fara.

Mun isa bayan la'asar, muka tarar da maƙwabta a zauren suna hira. Na gaisa, na sunkuyar da kai na ce na zo ne in ba da haƙuri, ba zan iya ba. Alhaji ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Sai kuma ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take, ya ce in kuɗin ne suka yi mini yawa in faɗa, zai iya ragewa, ko ya jira ni har a gama kaka, shi ba sauri yake ba. Wallahi na buɗe baki. Ɗan Gwaggo ya riga ni.

"Baba Alhaji, ba zancen kuɗi ba ne. Ya dai auna ya ga ba zai iya da ita ba." Ya juyo gare ni. "Ɗan Kawu, faɗa da kyau mutane su ji. Ka fasa?"

Na ce na fasa.

"Ba wanda ya tilasta ka?"

Na ce babu.

"Ba ka da sauran magana a kanta?"

Na ce ba ni da ita. Ya dubi mutanen zauren ya ce sun shaida, suka ce sun shaida. A raina na ce wannan mutum tsoron Allah ya yi masa yawa har ya zama wahala.

Da muka fito ya ce in tafi kawai, akwai wanda zai gani a Kabo a kan kayan injin niƙa, zai biyo mota. Na dawo ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba, a hanya na ji kamar an sauke mini kaya. Na gaya wa matata, ta tashi ta ɗora ruwan gasa mini baya.

An fara yankan gero, ina layin 'yan acaba a bakin tashar Gwarzo, sai na ji ƙarar injin da na sani. Bas ɗin ce. An yi mata lodin buhuna har sama, mata cike a ciki, ƙofar gefe ɗaure da igiyarta. Ɗan Gwaggo ne a sitiyari. Yaran layin duk sun san labarin cinikina, suka juyo suna kallona, ɗaya ya kasa riƙewa ya yi dariya ya rufe baki. Shi kuwa ya ɗaga mini hannu, har da ɗan danna oda.

Ban bi shi ba. Kabo na tafi wajen Alhaji. Dattijon ya ce shi ma abin ya tsaya masa. A ranar nan, ƙurar babur ɗina ba ta kwanta ba ɗan Gwaggo ya dawo zauren ya zauna, ya tambaya a gaban mutanen nan ko akwai cinikin wani a kan motar. Alhaji ya ce ai da kunnenka ka ji babu. Ya ce to shi yana so, a kan yadda aka sallama mini. Ko tayi bai yi ba, ya zura hannu a aljihun 'yar ciki ya fito da kuɗin a ɗaure. Ashe tun daga Gwarzo suna jikinsa, yana zaune a bayana, ni na kai shi. Alhaji ya ce zuciyarsa ba ta so ba, amma ya duba bai ga hujjar hanawa ba.

Na je wajen limamin unguwarmu na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara, sannan ya tambaye ni ko ɗan Gwaggo ya taya motar lokacin da cinikina ke kanta. Na ce a'a. Ya ce ni na janye da kaina? Na ce e. Ya ce akwai aibin da ya ƙaga wa motar wanda babu shi? Na daɗe ina tunani, na so in samo ko ɗaya ne, ban samu ba. Duk abin da ya faɗa akwai shi, Alhaji ma ya riga shi faɗa. Liman ya ce to a zahiri ba ni da ƙara. Wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, in ya ɓoye abin da ke ransa wannan tsakaninsa ne da Allah, amma alƙali ba ya buɗe ƙirjin mutum. Ya ce in yi haƙuri in duba zumunci.

Gwaggo ma ta aiko a kira ni. Ta tsufa sosai a lokacin. Ta dama mini fura da hannunta, ta ce ɗanta ya gaya mata ya saya ne don kada motar ta fita daga dangi, kuma ya ce in ina so zai riƙa ba ni ita ina ja ranar da ya gaji. Na shanye furar, na yi mata godiya, na tashi. Ban yi mata musu ba, ƙanwar ubana ce.

Na daina bi ta bayan kasuwa. In mun haɗu a suna ko jana'iza mu yi musabiha, shi ke nan. Motar ta yi wannan kaka, ta yi ta gaba. Tana lalacewa kam, kusan kowane mako za ka ji ta mace a wani wuri, amma tana tashi, kuma tana ciyar da gidansa. Injin da ya ce sai an sauke ban ga an sauke shi ba a wannan shekarar. Ya sa wa gidansa kwano. Ni kuwa ina nan a layi, babur yana tsufa ina tsufa, shanun da na ƙi sayarwa don mota daga baya na sayar da ɗaya don hatsi.

Wata rana da bazara, rana tsaka, na kai wani Lakwaya ina dawowa ba kowa a baya. Daga nesa na hango ta a gefen hanya, bonet a buɗe, tururi yana tashi. Fasinjojin, yawanci mata ne, sun taru a 'yar inuwar wata ƙaya suna yi wa yara fifita da gefen mayafi. Ɗan Gwaggo yana tsaye tsakiyar titi, baƙin mai har gwiwar hannu, yana ɗaga mini tsinkakken fanbel. Na so in wuce. Na tsaya.

Ya ce in taimaka in kai shi Gwarzo ya sayo wani. Sannan ya yi dariya irin ta da, kamar jiya muka rabu, ya nuna motar da haɓa.

"Ka gani ko, ɗan Kawu? Ka ga abin da na raba ka da shi? Da yanzu kai ne a nan kana gasuwa."

Na kashe babur na kafe shi. Ban ɗaga murya ba, amma ban rage ta don matan ba.

"Ɗan Gwaggo," na ce, "wannan gasuwar da kake yi tawa ce. Na san da ita tun kafin ka ga motar, kuma na zaɓe ta, don ta fi mini abin da nake ciki. Da ka buɗe baki ka ce kana so, da na ji haushi na ɗan lokaci na bar maka, ko mu haɗa hannu mu saya tare. Amma kai so kake ka sami motar kuma a ci gaba da ganinka a sahun gaba. Ba ka iya shiga cinikina ba, sai ka zauna a ƙofar gidana ka yi ta yi har na fita da kaina, ka kira shaidu, ka sa na halatta maka ita da bakina. Liman ya ce ba ka da laifi a shari'a, to ka riƙe wannan ka ji daɗinsa. Hau in kai ka, saboda matan nan da ke cikin rana. Amma ka sani ban yafe ba. In na riga ka tafiya, kada ka sa hannunka a makarata."